Míriel Mai Allura da Sautin da Ya Raba Gidanta

A gidan da ya tashi a Yamai, Hausa iri biyu ake yi a tsakar gida ɗaya. Mahaifiyarsa Ba'adara ce daga wani ƙauye kusa da Tawa, ta rasu yana ɗan shekara tara. Bayan shekara biyu mahaifinsa ya auri wata ƴar gidan ƴan kasuwa wadda ta tashi a Kano, ta haifa masa ƴaƴa huɗu. Ƙannen suka taso da bakin uwarsu. Suna cewa "suka tafi", shi yana cewa "sunka tahi". Su ce "fari ne", shi ya ce "hwari na". Da yake shi ne ɗan fari, bai taɓa jin mahaifiyarsa ta ambaci sunansa ba, shi ma kunya ba ta bar shi ya kama nata ba. Abin da ya rage masa daga gare ta shi ne waɗannan ƴan sautuka, ya kuwa riƙe su riƙon gado. Idan ƙanensa ya yi magana a gabansa, sai ya maimaita kalmar yadda yake ganin ita ce daidai, da irin muryar da take nuna cewa wani ɗaki ya fi wani asali.

Da ya shiga jami'a ya zaɓi sashen kimiyyar harshe, sai karatu ya ƙara masa makami. A darasin karin harshe ya ji cewa Hausar yamma ta adana tsofaffin siffofi da dama waɗanda Hausar Kano ta zubar, kuma "sunka" ta girmi "suka". Ya koma gida da hujja a hannu, ya yi amfani da ita fiye da kima. A shekararsa ta uku ne ya tsinci fassarar Faransanci ta littafin The Silmarillion a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin hanya, ya saye shi saboda arha. A cikinsa ya gamu da wata mata wadda labarinta bai wuce ƴan sakin layi ba, ta haifi ɗa ɗaya, ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Sunanta Míriel. Daga baya wani abokin karatunsa ya turo masa ta waya wasu rubuce-rubucen marubucin da Ingilishi, a nan ya tarar cewa rikicin gidan wannan mata ya rataya a kan yadda ake furta baƙi ɗaya na laƙabinta.

Marubucin, J.R.R. Tolkien, masanin tarihin harsuna ne tun kafin a san shi da ƙaga labari. An haife shi a 1892 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ya yi aiki a babban ƙamusun Ingilishi na Oxford daga 1919 zuwa 1920, ya riƙe kujerar farfesan tsohon Ingilishi a jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1945, sannan ta harshe da adabin Ingilishi har ya yi ritaya a 1959. Tun yana saurayi yake ƙirƙirar harsuna, ya kuma bayyana cewa labaran ya yi su ne domin harsunan su sami duniyar da za a yi magana da su. Biyu suka fi shahara: Quenya, wanda ya ɗebi ɗanɗanon sautinsa daga harshen mutanen Finlan, da Sindarin, wanda ya yi kama da harshen mutanen Wales. Masu waɗannan harsuna su ne Eldar, al'umma mai siffar mutane wadda tsufa da cuta ba sa kashe ta. The Silmarillion, tarihin zamaninsu na farko, ya fito a 1977, shekara huɗu bayan rasuwar marubucin, ɗansa Christopher ne ya tattara shi. Sauran labarin Míriel yana cikin juzu'i biyu na takardun da Tolkien ya bari, wato Morgoth's Ring na 1993 da The Peoples of Middle-earth na 1996.

Tolkien mutum ne mai son jera kakanni. Hatta ƙananan mutanen labaransa ya zana musu bishiyar dangi mai rassa. Míriel kuwa bai ba ta uba ba, bai ba ta uwa ba, salsalarta daga kanta ta soma. Ƴar ƙabilar Noldor ce, ƙabilar masu sana'ar hannu da neman sani, kuma matar sarkinsu Finwë ce, a birnin Tirion na ƙasar Valinor, inda Eldar suke maƙwabtaka da Valar, manyan halittun da aka danƙa wa kula da duniya. Sunanta ya haɗa kalmar mírë, wato dutse mai daraja, da ɗafa-ƙeyar -iel mai ma'anar ɗiya. Laƙabin sana'arta kuwa Serindë, gwanar allura, domin ko a cikin Noldor babu hannun da ya kai nata iya surfani. An siffanta ta da siririn jiki da gashi mai launin azurfa. Mai sanyin hali ce, sai dai idan magana ta shafi kanta ba a tanƙwara ta, lallashi ma ƙara mata taurin kai yake yi. Akwai siffa ɗaya da ta fi jan hankalin ɗalibin: tana da zaƙin murya, tana magana da sauri ba tare da ta haɗiye ko baƙi ɗaya ba, kuma tana alfahari da wannan baiwa.

A al'adar Eldar yaro yakan sami suna fiye da ɗaya. Uba yakan raɗa na farko a bainar jama'a, sau da yawa mai ɗauke da wani yanki na sunansa. Uwa takan ba da na biyu, wanda ake ɗauka cewa ya fito daga abin da ta hango a halin yaron ko a makomarsa. Na uku laƙabi ne da duniya take ba mutum saboda aikinsa ko kamanninsa. Ɗan da Míriel ta haifa, ubansa ya sa masa sunan kansa, da gwanintar yaron ta bayyana aka faɗaɗa shi ya zama Curufinwë, Finwë gwani. Ita kuwa ta kira shi Fëanáro, ruhin wuta. Sunan uwar ne ya bi shi, da shi tarihi ya san shi a siffar Fëanor. Ɗalibin ya daɗe a kan wannan wuri, domin a gidansu abin a juye yake: can uwa ce take ba ɗan farinta sunan da kowa zai kira, nan kuwa uwa ce kan gaba wajen ƙin furta shi.

Haihuwar ta cinye ta. Ta faɗa wa mijinta cewa ƙarfin da zai ishi ƴaƴa da yawa duk ya tafi cikin wannan ɗa guda, ba za ta ƙara haihuwa ba. Aka kai ta lambunan Lórien domin ta huta, ta kwanta kamar mai barci, ruhinta ya fita ya tafi zauren Mandos, matattarar ruhohin da suka rabu da jiki. Jikin bai lalace ba, ana kula da shi, Finwë yana zuwa ya zauna kusa da shi yana kiranta da sunayenta, ba ta amsawa. A The Silmarillion wannan ya faru Fëanor yana ƙarami ƙwarai. A rubutun da Tolkien ya yi daga baya kuwa ta daure har ɗan ya girma, ya san muryarta da irin furucinta. Wannan ruwaya ta biyu ce ta ba rikicin harshen tushe, domin ba a kishin furucin da kunne bai taɓa ji ba.

A ƙasar da ba a mutuwa, abin da ya same ta ya rasa suna. Eldar suna da kalmomin kisa da na halakar jiki, amma ba su da wadda za ta ɗauki mutum ya kwanta lafiya ƙalau ya saki rai saboda gajiya. Akwai wani aikatau mai saiwar fir-, wanda yake nufin sakin dogon numfashi kamar na mai ajiyar zuciya. Da yake irin wannan numfashi ta yi a lokacin da ta cika, sai aikatau ɗin ya ɗauki sabuwar ma'ana, ita kuma ta sami wani sunan, Fíriel. Bayan zamani mai tsawo, da Eldar suka gamu da ƴan Adam masu tsufa su mutu, daga wannan saiwa suka samo musu suna, Fírimar. Tun kafin a fara jayayya a kan laƙabinta ke nan, Míriel ta riga ta sauya ma'anar kalma ɗaya a harshen al'ummarta.

Finwë yana son ƴaƴa, yana kuma da sauran ƙuruciya. Matsalar ita ce auren Eldar na tsawon rayuwar duniya ne, mamacinsu kuma yana iya komawa cikin jiki, sannan namijinsu ba ya zama da mata biyu masu rai. Valar suka zauna shawara, aka yanke cewa Finwë zai iya sake aure idan Míriel ta yarda da bakinta cewa ba za ta ƙara dawowa ba. Aka tambaye ta, aka lallashe ta, ta tsaya a kan bakanta. Finwë ya auri Indis, doguwa mai gashi launin zinariya, ƴar ƙabilar Vanyar kuma ƴar'uwar sarkinsu Ingwë ta kusa. Ta haifa masa maza biyu, Fingolfin da Finarfin, da mata biyu, Findis da Írimë. Míriel da Indis ba su taɓa zaman kishi a gida ɗaya ba, amma ƴaƴansu sun yi ƴan'ubancin da har duniyarsu ta tashi ba a daina ba da labarinsa ba.

A nan ne tarihin gida ya haɗu da tarihin sauti. Tsohon Quenya yana da baƙaƙe biyu mabambanta: s, zuzau bahanƙe, da wani zuzau da ake furtawa da tsinin harshe a tsakanin haƙora, wanda Tolkien yake rubutawa da tsohon harafin Ingilishi þ. Mai jin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan sauti da abin da yakan same shi. Shi ne ث na Larabci, wanda ya shigo Hausa ya zama s a Usman da hadisi da misali, ya zama t a Talata da Litinin, har gobe kuwa malaman tajwidi suna gyara bakin almajirai a kansa. A bakin Noldor ma þ ya fara narkewa cikin s. Vanyar ba su bi ba, Sindarin ma ya riƙe tsohon sautin, shi ya sa wata na sama yake Isil a Quenya, Ithil a Sindarin. Masana harshe na Noldor suka soki sauyin da hujja mai ƙarfi: idan ƙwayoyin sauti biyu suka haɗe, saiwoyin da a da suke rarrabe a sauti da ma'ana za su cakuɗe. Shugaban waɗannan masana shi ne Fëanor, wanda ya ƙago haruffan Tengwar. Míriel kuma tun tana raye ta riƙe þ, domin da shi ta tashi, ta kuma nemi danginta su riƙe shi ko da a laƙabinta kaɗai ne, su ce Þerindë.

Roƙonta bai fi haka ba. Ɗanta ne ya faɗaɗa shi ya mai da shi tuta. Ya riƙa kiran kansa ɗan Þerindë, ya ɗauki duk wanda ya furta s a matsayin mai raina mahaifiyarsa kuma mai goyon bayan ɗakin Indis. Da ƴaƴansa suka tambaye shi dalilin da ya sa danginsu suke furta s, sai ya amsa musu cewa furucinsu shi ne na gaskiya, su ne magada, sauran kuwa a bar su da abin da bakinsu ya iya. Tolkien ya bayyana cewa da an zauna lafiya da ra'ayin Fëanor ne zai yi rinjaye, domin sauran masana sun yarda da shi, wasu a fili wasu a ɓoye. Amma da ya ɗaura þ a wuyan kansa, duk wanda girman kansa ya dama sai ya rungumi s domin ya nuna inda ya tsaya. Rubutun da yake ɗauke da wannan bayani, wanda Tolkien ya yi wajen 1968, an san shi da The Shibboleth of Fëanor. Kalmar shibbolet ta fito daga sura ta 12 ta Littafin Mahukunta a Tsohon Alkawari, inda mutanen Gileyad suka tsare mashigan Kogin Urdun suna sa kowa ya furta ta, wanda ya ce sibbolet suka san mutumin Ifraimu ne suka kashe shi. Daga nan masu nazarin walwalar harshe suka ari kalmar ga duk furucin da ake tantance ɗan gida da bare da shi.

Abin da ya fi damun ɗalibin a wannan rubutu shi ne matsayin Indis. Mutanenta Vanyar masu þ ne, da ta tsaya a kan furucin gidansu da bakinta ya zo ɗaya da na Fëanor. Ta koma s ne saboda ta shigo cikin Noldor, kuma mijinta da kansa ya koma s bayan da Míriel ta ƙi amsa roƙonsa, alhali tun tana raye ya riƙe þ don girmama ta. Biyayyar aure ce Fëanor ya fassara da cin mutunci. Ƙaramin ɗanta Finarfin, mai son dangin uwarsa da dangin matarsa, ya ci gaba da furta þ a gidansa ba tare da ya kula da abin da Fëanor yake so ko yake ƙi ba. Ɗiyar Finarfin kuwa, Galadriel, wadda ta tashi a gidan þ, ta zaɓi s saboda tsananin adawarta da Fëanor. Da wannan ne Tolkien ya bayyana dalilin da ya sa a waƙar bankwanarta da ke cikin The Fellowship of the Ring na 1954, kalmomin da asalinsu þ ne suka zo da s. A ƙarshe sautin ya ɓace daga bakin Noldor, ya rage a rubutu kaɗai, inda aka ci gaba da ware masa harafinsa daban da na s. Har The Silmarillion da aka buga, Serindë ya kira ta.

Zuriyarta ta gaji hannunta, ta kuma gaji taurin kanta. Fëanor ya ƙera Silmaril, duwatsu uku da ya kulle hasken Itatuwa Biyu na Valinor a cikinsu. Ya zare wa Fingolfin takobi a gaban jama'a, aka kore shi daga Tirion na shekara 12, ubansa ya bi shi Formenos. A can Melkor, babban maƙiyin Valar, ya kashe Finwë ya sace duwatsun. Fëanor da ƴaƴansa bakwai, waɗanda Nerdanel ɗiyar maƙeri Mahtan ta haifa masa, suka yi rantsuwar yaƙar duk wanda ya riƙe Silmaril. Rantsuwar ce ta kai su ga kashe ƴan'uwansu Teleri a tashar Alqualondë domin su ƙwace jiragen ruwa, ta kai su ga ƙone jiragen a Losgar suka bar Fingolfin da mutanensa a wancan ƙetare. Fëanor ya mutu jim kaɗan bayan saukarsa, jikinsa ya zama toka. Celegorm da Caranthir da Curufin sun mutu a harin da suka kai wa Doriath. Tagwaye Amrod da Amras, a ruwayar The Silmarillion, sun mutu a harin bakin kogin Sirion. Maedhros, babbansu, ya sami Silmaril ɗaya ya ƙone masa hannu, ya faɗa ramin wuta da shi. Maglor mawaƙi ya jefa nasa cikin teku ya bi gaɓa yana waƙar nadama.

Akwai wani ɗan labari a cikin wannan rubutu na shibbolet wanda ɗalibin ya karanta sau uku. Nerdanel ta ba tagwayenta suna ɗaya, Ambarussa, saboda jan gashinsu. Fëanor ya nemi a bambanta su, sai ta ce to a kira ɗaya Umbarto, wato wanda ƙaddara ta hau kansa. Sunan ya tsorata shi, ya sauya wasalin farko ya mai da shi Ambarto, maɗaukaki. A wannan ruwaya, yaron yana kwance cikin jirgi a daren da ubansa ya sa wuta a Losgar, a nan ya ƙone. Mutumin da ya raba al'umma saboda an taɓa baƙi ɗaya a laƙabin mahaifiyarsa, shi ne ya taɓa wasali ɗaya a sunan da wata uwa ta ba ɗanta, da ya ga sunan bai yi masa daɗi ba.

Na ƙarshe da aka sani a wannan jini shi ne Celebrimbor ɗan Curufin, tattaɓa-kunnen Míriel. Shi ya zana alamomin ƙofar Moria ta yamma, har da tauraron gidan Fëanor, shi kuma ya ƙera Zobba Uku na Eldar. Sauron ya kashe shi a shekara ta 1697 ta Zamani na Biyu. Daga allura aka koma dutse, daga dutse aka koma zobe, nan sana'ar gidan ta tsaya. Reshen Indis ne ya yi tsawon rai. Daga Fingolfin aka sami Turgon, daga Turgon Idril, daga Idril Eärendil, mahaifin Elrond da Elros, daga Elros kuma sarakunan da suka kai ga Aragorn. Daga Finarfin aka sami Galadriel, kakar Arwen. Elrond da Elros suna yara Maglor ne ya rene su bayan da shi da ƴan'uwansa suka rushe garinsu, zobba biyu daga cikin ukun da Celebrimbor ya ƙera kuma a hannun Galadriel da Elrond suka ƙare. Ɗakunan biyu ba su taɓa rabuwa kamar yadda Fëanor ya so ba.

Ita Míriel fa? A wata ruwaya da ke cikin Morgoth's Ring, bayan kisan Finwë sun sadu a zauren Mandos, ya ba ta labarin abin da ya faru a bayanta, ta yi nadamar barin ɗanta. Finwë ya yarda ya zauna a can har abada domin ita ta samu komawa jikinta. Ta koma, amma ba ta sake shiga cikin Noldor ba. Ta shiga hidimar Vairë masaƙiya, wadda take saƙa duk abin da ya auku a duniya, aka ba ta aikin saƙa tarihin gidan Finwë. Gidan Finwë kuwa ya haɗa ƴaƴanta da ƴaƴan Indis. Matar da aka yi rabuwar da sunanta ita ce take zaune tana haɗa zarurrukan ɗakunan biyu a ƙyalle ɗaya.

Shi kansa Tolkien maraya ne. Mahaifinsa ya rasu a 1896, mahaifiyarsa Mabel, ƴar gidan Suffield, ta rasu a 1904 da ciwon sukari tana da shekara 34, shi yana da 12. Ita ta fara koya masa Latin da Faransanci. Danginta mutanen yammacin tsakiyar Ingila ne, ya kuwa ɗauki kansa nasu. A wata wasiƙa da ya rubuta wa mawaƙi W.H. Auden a 1955 ya nuna cewa tsohon karin harshen wannan yanki ya ji shi kamar wanda ya riga ya sani tun ranar da ya fara ganinsa. A 1929 ya wallafa nazarin da ya nuna cewa wasu rubuce-rubucen addini na ƙarni na 13 an yi su ne da wani daidaitaccen karin harshe na wannan yanki, wanda masana suke kira harshen AB har yau. Ba dole ba ne a ce Míriel ita ce Mabel. Abin lura shi ne mutumin da ya ƙagi Fëanor ya san daɗin riƙe furucin gidan uwa, amma nasa riƙon ya bi da shi ta hanyar tattara hujja da bayyana tsari, ya bar wa waɗanda suka zo bayansa abin da za su ɗora a kai.

Da lokacin zaɓar batun kundin kammala karatu ya zo, ɗalibin ya zaɓi Adaranci. A hutun damina ya tafi ƙauyen mahaifiyarsa da waya da littafin rubutu, ya sauka gidan ƙanwarta. Kwana goma yana ɗaukar maganarta, tana surfe tana ba shi labarin shekarun yunwa da na bukukuwa, yana jin "munka" da "sunka" da "hwara" suna zubowa kamar yadda ya san su. A daren ƙarshe ya kasa daurewa ya ce, "Inna, haka ita ma marigayiya taka magana, ko?"

Ta dube shi ta yi dariya. "Wa? Yayata? Ai ita tun da ta tahi birni bakinta ya sake. In ta zaka ganin gida sai ƴammata su bi ta suna kwaikwayonta, suna suka, suka. Ita ko ko a jikinta."

Bai kashe wayar ba, maganar tana cikin abin da ya ɗauka. A mota kan hanyar komawa ya saurare ta sau da yawa. Ashe mahaifiyarsa baki biyu gare ta: na ƙauye, wanda take yi wa ɗanta a ɗaki, da na kasuwa da maƙwabta, wanda birni ya koya mata. Furucin da ya shekara goma yana yi wa ƙannensa gori da shi, ita an taɓa yi mata gori da shi a gidan ubanta. Míriel ta bar wasiyya a kan baƙi ɗaya. Tasa mahaifiyar ko wannan ba ta bari ba.

A Yamai ya zauna a tsakar gida yana juyar da maganar zuwa rubutu. Autar gidan, yarinya ƴar shekara shida, ta zo ta cire masa abin sauraro ɗaya ta sa a kunnenta. Can sai ta ce, "Yaya, mene ne zaka?" Ya ce mata zo ke nan, haka ake faɗa a garin su Inna. Ta maimaita kalmar, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ruga madafa tana kiran, "Mama, zaka! Mama, zaka!" Ya ji matar ubansa tana tambayar wa ya koya mata, ya ji yarinyar ta ce Yaya ne. Ya mayar da abin sauraron kunnensa ya ci gaba da cika jadawalin da ya zana, layi biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya rubuta Adar a samansa, ɗaya Kano.